Kurwata Kur a Ƙasar Scotland

Tun da na dawo daga Scotland ba ku bar ni na huta ba. A harabar masallacin Regent's Park a nan Landan bayan Juma'a, a shagunan Peckham ina zaɓar kuɓewa, har a waya ina bakin aiki: "Maman Sadiq, yaya Scotland? Da gaske maza na ɗaura siket?" Da gaske ne. Wasunku kuma ba siket ɗin ne ya dame su ba. So suke su ji yadda aka yi muka tafi ni da Asabe muna dariya, muka dawo ba mai kallon wani. To zan faɗa sau ɗaya. Asabe da bakinta ta ce in faɗa, ta ce ta gaji da raɗa.

Ga wanda bai san mu ba, Asabe, wato Maman Hafsat, aminiyata ce tun zuwanmu Dagenham, lokacin da babu mai jin Hausa a layinmu sai ni da ita. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ita waina da dambun nama take yi wa masu biki da suna. Da mijina ya rasu ita ta riƙe mini tukunya har na fita takaba. Yaranmu tare suka tashi, ɗana Sadiq da 'yarta Hafsat, kuma bana Sadiq ya zo yana sosa ƙeya ya ce in yi wa manya magana, Hafsat yake so ya aura. Ni kaɗai a kicin na rangaɗa guɗa.

Sai batun bincike. Yayata da ke Kano, Yaya Turai, ta ce ba a aure babu sanin asali, ta tura mutum har ƙauyen su Asabe. Ana gab da tafiyarmu bikin gama jami'ar Hafsat a Edinburgh sai ga wayarta.

"Hajara, zauna tukuna. Gidan nan akwai maita. Uwar Asabe an taɓa sa ta tsallake yaro a gaban jama'a. Kin kuwa san a nono ake shanta."

Na yi dariya. "Haba Yaya! Ni fa a asibiti nake aiki. Na san abin da ke sa yaro zazzaɓi."

"Ki yi ta saninki. Ni dai na gaya miki, kada ki ƙara cin abin hannunta, kuma ba da yawuna za a kai gaisuwa gidan nan ba."

Na kashe wayar ina tsaki. Na ce a raina in mun dawo zan ba Sadiq amsa, kuma amsar ita ce na yarda.

Ranar Alhamis da safe muka isa tashar jirgin ƙasa ta King's Cross da akwatuna kamar masu komawa gida gaba ɗaya. Allo ya nuna an soke jirginmu. Muna tsaye muna mita da Hausa sai wani ma'aikacin tasha, baƙi, mai furfura a gemu, ya juyo yana murmushi. Mutumin zangon Kumasi ne.

"Hajiya, ka zo nan, kai da 'yar'uwanka. Jirgin ya yi cancel, amma akwai wani yanzu-yanzu. Ka yi sauri, kujera ba shi da yawa."

Asabe ta daɗe tana tsokanata da "ka yi sauri". Ya ja mana akwati har ƙofa, ya ce mu yi masa addu'a. Muka sami kujeru biyu masu tebur, gabanmu wani dattijon Bature da jaridarsa.

Ba mu bar Landan sosai ba Asabe ta kwance ƙullinta. Dambun shinkafa da zogale, soyayyar kaza, kunun aya mai sanyi a gora. Ƙamshi ya cika taragon har dattijon ya sauke jarida. Ta zuba mini a roba ta turo gabana, yadda ta saba yi ba adadi. Wallahi ban shirya komai ba. Na miƙa hannu, sai hannun ya tsaya. Muryar Yaya Turai ce kawai ta faɗo mini, sai na ji bakina ya ce, "Ai ina azumi."

"Azumi kuma? A kan hanya? Matafiyi fa an yi masa rangwame."

"Na Alhamis ne, na riga na ɗaura niyya."

Ta ce Allah ya karɓa, ta rufe nawa ta ajiye. Dattijon ne ya ci rabona. Yaji ya sa shi hawaye, bai fasa ba, yana ta yaba mata.

Bayan Newcastle teku ya bayyana a damanmu, Asabe ta zaro fasfo ta riƙe. Ita tunda an ce wata ƙasa ce, ta zaci za a sauke mu kamar a iyakar Jibiya, a zazzage kaya, a ce wane ne mai wannan buhun. Dattijon ya nuna taga ya ce mun riga mun shiga. Babu shinge, babu mai kaki, sai tumaki a kan tudu. Asabe ta mayar da fasfonta tana cewa wannan iyaka ba ta da kwarjini.

Hafsat ta tarbe mu a tasha, ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓi jakata kafin ta uwarta. Ta kai mu masaukin da ta kama mana, gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna, ɗaki ɗaya gado biyu. Tsohuwar mutuniyar kirki ce, sai dai Turancinta ya fi ƙarfina. Shekaru ina aiki da Turawa, amma a nan sai da Hafsat ta yi mini tafinta. Famfon banɗaki biyu ne, ɗaya yana ƙona hannu, ɗaya ƙanƙara, alwala ta zama jarrabawa. Buta kuwa Allah ya sa Asabe ba ta tafiya babu ita.

A nan ƙaryata ta kama ni. Na manta cewa bazara ce tasu, kuma rana a can ba ta son faɗuwa. Muka yi la'asar, muka zaga, muka dawo, gari tarwai kamar hantsi. Ina ganin Asabe da Hafsat suna shan shayi, yunwa tana cin hanjina a kan azumin da ko ladansa ba ni da shi. Da magariba ta yi daga ƙarshe, Asabe ta ɗumama dambun a kicin ɗin tsohuwa ta kawo mini har gado. Na ce cikina ba zai ɗauki mai ba, na sha ruwa da biskit ɗin da aka ajiye wa baƙi. Ta dube ni, ta dubi robar, ta mayar da murfi.

Da safe tsohuwa ta ba mu kunun hatsinsu mai kauri, da gishiri a ciki maimakon sukari. Ta kuma so mu ɗanɗana abincin da suke alfahari da shi, kayan cikin tunkiya da aka niƙa aka cusa a tumbi. Muka ce ai mu ma muna cin kayan ciki, yankan ne matsala. Ta kawo mana irinsa na wake. Na cinye tas, a gaban Asabe, ni da na ce cikina ba lafiya.

Hafsat tarihi ta karanta, kuma aikinta na ƙarshe a kan shari'o'in mayu ne da aka yi a ƙasar shekaru wajen ɗari huɗu baya. Ta ce sai ta kai mu mun gani. Muka hau tudu zuwa tsohuwar ganuwarsu, muka ratsa masu yawon buɗe ido da wani mai siket yana busa abinsu mai kukan algaita. A jikin wani bango ta tsayar da mu. Ɗan kwamin ƙarfe ne, bai fi faifai biyu ba, an sa masa furanni. Da ni kaɗai ce da na wuce ban gani ba.

"Anti, a filin nan ake kashe su," in ji ta. "A shaƙe mutum tukuna, sannan a ƙona gawar. Dubbai aka yi accusing, aka zarge su da maita, a ƙasar nan, kuma yawanci mata ne."

Na ce, "Turawa? Su ma?"

"Su ma. Har wani sarkinsu ya yarda mayu ne suka tayar da guguwa don jirgin ruwansa ya nutse. Amma yawanci ba daga sarki yake farawa ba, daga maƙwabta ne. Ku yi faɗa da mace yau, gobe saniyarki ta daina ba da nono ko ɗanki ya kwanta. Sai a tuna ta yi baƙar magana. Sai dattawan coci su kira ta."

Ta ba mu labarin yadda ake hana mace barci kwana da kwanaki har ta amsa abin da ba ta yi ba, ta kuma ambaci sunayen wasu. Akwai masu sana'ar tsira wa mutum allura, suna neman inda ba ya jin zafi, wai tambarin Shaiɗan ne. Ina ta salati ina cewa wannan wane irin jahilci ne.

"Wani lokaci kuma," in ji Hafsat, "sai a kawo ta wurin marar lafiyan a ce ta cire abin da ta sa masa. In ya warke, an ce ga shaida. In ya mutu, an ce ga shaida. Kuma in an taɓa kiran uwa mayya, 'yarta ma ta shiga uku."

Na saci kallon Asabe. Ta sunkuya tana gyara wani fure da iska ta karkatar. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ƙudura a raina yau ɗin nan zan ci abincinta, komai ta ba ni, in rufe wannan shashanci.

Ruwan sama ya riga ni. A can ba ya sallama, ya sauko mana a kan tudu muka jiƙe sharkaf. Kafin mu kai masauki jikina ya ɗau rawa, kaina kamar zai tsage. Na sha magani na kwanta bayan la'asar. Ni da nake gaya wa mutane dalilin zazzaɓi kullum, ga yunwar jiya, ga ruwa, ga gajiya, amma ina lulluɓe wani tunani yana leƙowa, ina korarsa da a'uziyya har barci ya ɗauke ni.

Na farka da hannu a goshina. Na buɗe ido na ga fuska a kaina, kusa sosai, ɗankwali ya rufe hasken taga. Kafin in gane ko wace ce, na ture hannun na ce da ƙarfi, "Kurwata kur!"

Rabon da in faɗi kalmar nan tun ina yarinya, lokacin da ake koya mana mu faɗa in mun haɗu da wadda ake zargi a hanya, don kada ta kama mana kurwa. Ban san tana nan a cikina ba.

Asabe ce, da kofin kunun tsamiya da ta dama mini a kicin ɗin mutane. Ta miƙe a hankali. Ta ajiye kofin a kan tebur, ta goge ɗan abin da ya zube da gefen zaninta.

"Asabe, mafarki nake yi. Wallahi mafarki ne."

"Na sani. Ki kwanta, jikinki da zafi."

Ta ɗauki carbinta ta koma gadonta ta juya mini baya.

Washegari aka yi biki. Hafsat ta fito da rigar gama karatu, Asabe ta sha leshi da gwaggwaro, ta yi guɗa a cikin zauren Turawa har suka juyo suna tafa mata. Muka ɗauki hotuna, ina gefenta. Duk wanda ya ga hoton zai ce babu komai. Na yi ta neman in same ta ita kaɗai, tana ta zamewa.

Ranar da za mu dawo, da sassafe, Asabe ce ta ce wa Hafsat ta kai mu wurin dutsen nan da take ba ta labari. Muka hau bas muka haye wata doguwar gada zuwa wani ƙauye a bakin ruwa. Hafsat ta duba lokacin janyewar teku tun jiya, don sai ruwa ya ja baya ake ganinsa. Muka taka laka da duwatsu masu santsi, takalmin Asabe ɗaya ya maƙale sai da muka ciro shi da sanda. Can ta nuna mana wani faffaɗan dutse kamar ƙyauren ɗaki, ciyawar ruwa ta rufe shi.

Ta ce wata tsohuwa ce a ƙarƙashi. An tsare ta a kan maita, ta mutu a hannunsu kafin a yanke hukunci. Suka ƙi kai ta maƙabarta, suka binne ta a nan inda ruwa ke rufewa kullum, suka danne ta da dutse don kada ta taso.

Asabe ta ce, "Hafsat, je ki duba mana lokacin bas." Yarinyar ta dube mu ta tafi.

Muka tsaya iska tana kaɗa mana mayafi. Ita ta fara.

"Wa ya gaya miki? Yaya Turai?"

Na ce e.

"To bari ki ji daga bakina. Akuyar maƙwabta ta cinye wa Innarmu shanyar kalwa, suka yi cacar baki. Bayan kwana kaɗan ɗansu ya kwanta, yana sambatu ya kira sunanta. Yaro ne da kullum yana gidanmu, sunan wa zai kira? Suka zo da sanduna. Suka ja ta har tsakar gidansu, suka tuɓe mata zani, suka ce ta tsallake shi ta sake masa kurwa. Ina tsaye ina riƙe da ɗankwalinta. Ta tsallake, don in ba ta yi ba kashe ta za su yi. Yaron ya warke, Maman Sadiq. Da ma ya kusa warkewa. Shi ke nan, ya tabbata."

Na ce, "Asabe, don Allah."

"Tsaya. Daddawa take sayarwa. Daga ranar ko mutum ɗaya bai ƙara saye ba. Ta kai kasuwa ta dawo da ita, har ta daina kaiwa. Mu 'ya'yanta in mun doso rijiya yara su watse suna faɗin abin da kika faɗa. Kin zaci haka kawai na zaɓi sana'ar abinci da na zo ƙasar nan? Duk wanda ya sa wainata a baki, sai in ji kamar na rama mata. Kin zaci haka kawai Hafsat ta karanta wannan abin? Na gaya mata tun tana sakandare."

Na fashe da kuka. Na kama hannunta na ce ban yarda da maganar ba, ban taɓa yarda ba. Na ce muna isa Landan zan kira ƙanin mijina a sa rana, Yaya Turai ta yi fushinta ta gama.

"Na san ba ki yarda ba," in ji ta. "Tun a jirgi na gane kin ji, na ce bari in ba ki lokaci, zai wuce. Kanki bai yarda ba, amma hannunki ya yarda, bakinki ma ya yarda. Na yafe miki, har ga Allah. Ke kika kwana da ni a asibiti ranar da aka yi mini aiki, ban manta ba. Amma ba zan ba ku Hafsat ba."

"Saboda kalma ɗaya da na faɗa cikin zazzaɓi?"

"Saboda zazzaɓi zai sake zuwa. Za ta haihu, yaro zai yi zafin jiki, kamar kowane yaro. Ba na so ranar ta ɗaga kai ta ga kakarsa tana kallonta. Ke ce mafi sona a danginku, ga abin da ya fito. Ina ga sauran?"

Ruwa ya fara dawowa, Hafsat tana ɗaga mana hannu daga bakin hanya, muka juya.

A jirgin dawowa kujerunmu a jere suke, amma Asabe ta ce ƙafarta na ciwo ta koma inda babu kowa. Iyakar ma ban san lokacin da muka wuce ta ba. Hafsat ta ci gaba da zama a Scotland, ta sami aiki a wani gidan adana kayan tarihi. Na ji daga baya uwarta ta gaya mata komai a waya, kuma ba ta yi musu ba.

Masu tambaya ko ya kamata su je Scotland, ku je. Mutanen suna da fara'a, ku dai tafi da rigar ruwa da buta. Na ji ma gwamnatinsu ta fito ta nemi afuwar matan nan da aka kashe a kan maita, bayan duk waɗannan shekaru. Uwar Asabe babu wanda ya nemi afuwarta.

Sadiq ya zo tarbarmu a tasha. Ya durƙusa ya gaida Asabe, ya ce zai kai ta gida. Ta shafa kansa ta ce Allah ya yi masa albarka, amma za ta biya wani wuri, ta ja akwatinta ta shige cikin mutane. A mota ya yi ta tambayata yaya Hafsat, yaushe zan kira Baffansa. Sai da muka tsaya a ƙofar gida na gaya masa, tun daga wayar Yaya Turai har bakin teku. Shi a nan aka haife shi, bai taɓa jin kalmar ba. Sai da na zauna na yi masa bayanin mece ce kurwa, yadda ake cewa ana kama ta, da abin da ake faɗa don a tsira. Yana riƙe da sitiyari yana saurare har na gama.

"Mama, ke kin yarda da wannan abin?"

Na ce a'a.

"To me ya sa kika faɗa mata?"

Ya jira. Sannan ya fita ya sauke mini akwati, ya kai har cikin falo, ya koma motarsa ya tafi.